Ɗaki a Harobanda ya fi gidan kawu

Da zarar yaron Damagaram ya ci jarrabawar bak, ya ce shari'a zai karanta a Yamai, sai ka ji gida an ce: "Ai sai ka sauka wajen kawunka." Ni kam ban goyi bayan haka ba. Jami'ar Abdou Moumouni tana Harobanda, ƙetaren kogin Isa, gidan kawu kuwa wataƙila yana can Talaje. Kullum yaro ya yi sammako, ya jira motar faba-faba, ya maƙale a gadar Kennedy, kafin ya iso kujeru sun cika. Da dare ga aike, ga baƙi, littafin dokoki na rufe. Iyaye, ku daure ku kama masa ɗaki kusa da makaranta, kawu a riƙa kai masa gaisuwa ranar Juma'a.