Tsohon buhu ya isa ya yi wa ɗaki ado, in an san abin da ya ɗauko

Yau ina so mu ɗan bar gona mu shiga ɗaki. Kada wani ya ce wannan zance na mata ne, ba shi da wuri a shafin noma da lafiya. Duk magidancin da ya taɓa aurar da ɗiya ya san hanyar da ta taso daga rumbu, ta bi ta kasuwa, ta ƙare a ɗakin amarya. Da kaka, lokacin da tiyar hatsi da ta wake suke a ƙasa, shi ne lokacin da bukukuwa suke yawa. Sai a buɗe rumbu a auna, a sayo labulen kanti, da furannin roba, da kuloli jere-jere waɗanda ba za a taɓa zuba abinci a cikinsu ba. In bazara ta yi, wannan magidanci shi ne za ka gani a kasuwa yana jan akuya, yana neman hatsin da ya sayar da arha, ga shi yanzu ya yi tsada.

Ba na ganin laifin iyaye mata. Gori abu ne mai ciwo, kuma uwar da ta san dangin ango za su shigo su ƙirga abin da aka jera ba ta iya barci. Amma ra'ayina shi ne, wani kashi mai yawa na adon ɗaki hannu yana iya yin shi da abin da yake yashe a gida, kuma ba abin kunya ba ne. Sharaɗi guda ne: a san abin da buhu ko gwangwani ya ɗauko kafin ya shiga ɗakin kwana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɗaki da na gani bara, a wani ƙauye kusa da Madawa, ɗakin jikanyar gwaggona. Labulen ƙofa na tsohon buhun albasa ne, irin na igiya da ake ce ma algarara. An farke shi, an wanke, an yi masa baki da ƙyallen atamfa, an zare zaren ƙasa ya zama geza. A tsakiya an ɗinka dagi da jan ulu. A bango akwai wani yanki mai aljihu uku, na mashaci da madubi da tandun kwalli. Gwangwanayen madara, an naɗe su da igiyar rama, sun zama wurin ajiye cokula. Wata ƙwarya da ta tsage, an ɗinke ta, an rataye tsakanin faifai biyu. Na tambayi gwaggo nawa ta kashe. Ta ce kuɗin ulu da zare kawai, sai goron yarinyar da ta taya ta ɗinki. Matan da suka shigo tare da ni, waɗanda na san bakinsu ba ya shiru, labulen suka yi ta shafawa suna tambayar inda aka sayo shi.

Da yawa cikinmu ba mu san daga ina wannan buhu ya fito ba. Zarensa ɓawon wani tsiro ne da ake nomawa a ƙasashen Indiya da Bangaladash, waɗanda su ne suke fitar da kusan dukkan abin da duniya take amfani da shi. Tsiron kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu: ɗan gidan lalo ne, wannan da muke miya da ganyensa. Mu muna tsinke ganye tun yana ƙarami, su kuwa suna barin shi ya yi wata huɗu, ya kai tsawon mita 3 ko fiye, sa'an nan su yanke, su jiƙa karan a ruwa har ɓawon ya saki, kamar dai yadda tsofaffinmu suke yi da rama. A irin waɗannan buhuna ne aka yi ta jera gujiyar Maraɗi da Damagaram zamanin kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962. Yau kuma masu albasar Galmi da Madawa suna ɗura kayansu a buhunan da suka gama ɗaukar kakawo a Gana, domin buhun igiya yana barin iska ta ratsa, albasa ba ta gumi. In ya yage har ya kasa ɗaukar kaya, sai a yar da shi bayan shago, ko a shimfiɗa wa jaki.

A Amurka da Turai kuwa, wannan ƙyalle sabo ake sayen shi a kanti. Suna shimfiɗa shi a teburin biki, suna naɗe tsofaffin kwalabe da shi su sa furanni, suna yin matasai da adon ƙofa, suna cewa yana tuna musu da zaman karkara. Ban kawo wannan don mu kwaikwaye su ba. Iyayenmu mata sun san jere tun kafin kwanon kanti ya zo: ƙorai masu zane, faifai, taskira, ragaya, tabarmar kaba. Na kawo shi ne don mai cewa buhu alamar talauci ne ya san akwai masu kuɗin da suke biya don su same shi.

Akwai mai cewa ba ya daɗewa. Gaskiya ne buhun igiya ba ya son laima: in ya zauna a jiƙe yana yin funfuna ya ruɓe, gara ma tana cin shi in ya taɓa ƙasa. Amma a rataye a busasshen ɗaki yana shekaru. Furen roba kuwa, ranar bazara ɗaya ta isa ta kashe masa launi. Kuma in labulen buhu ya ƙare, ramin taki ya karɓe shi, ya ruɓe ya koma gona, abin da roba ba ta yi.

Aikin ba shi da wuya. A kakkaɓe buhu a waje, nesa da yara, domin ƙurarsa tana tayar da tari, musamman ga mai ciwon fuka. A jiƙa shi da ruwan zafi da sabuni, a ɗauraye sau biyu ko uku, a shanya a rana har ya bushe ƙamas. Ruwan zafi sosai yana kashe kuɗin cizo da ƙwansa, ruwa mai ɗumi-ɗumi ba ya yi. A sani buhu yana ɗan tsukewa bayan wanki, saboda haka sai an wanke za a auna a yanke. Don yanka ya miƙe, a zare zare ɗaya daga gefe zuwa gefe, a bi hanyar da ya bari da almakashi. Bakin da aka yanke dole a dalmashe shi ko a rufe da ƙyalle, in ba haka ba zai yi ta zazzagewa. Basilla da zare mai ƙwari sun isa. Wadda take son launi, baba yana ba da shuɗi, karan dafi yana ba da ja, bagaruwa da ruwan tsohon ƙarfe suna ba da baƙi, kamar yadda dukawa suka sani.

To, yanzu ga inda nake so a saurara da kyau, domin a nan ne ado yake iya zama ciwo.

Buhu yana riƙe abin da ya ɗauka. Wanda aka zuba irin shuka mai magani a cikinsa, irin nan da za ka ga ƙwayarsa ta yi ja ko kore, ba shi da wuri a ɗaki, ko an wanke. Haka buhun da aka barbaɗa wa garin maganin ƙwari a shago, da na takin zamani, da na siminti. Wanki yana rage ƙura, amma ba ya ba da tabbacin guba ta fita daga cikin zare. Ɗakin kwana wuri ne da ake rufewa da dare, mutum ya yi awa bakwai ko takwas yana shaƙar iskarsa, jariri kuma duk abin da hannunsa ya kai baki yake kai shi. In ba ki san abin da buhu ya ɗauko ba, ki tambayi mai shi. In shi ma bai sani ba, ki bar shi. Wani sabon buhun yana warin kananzir, saboda man da ake shafa wa zaren a masaƙa. Irin wannan sai ya sha wanki da rana har warin ya tafi, kuma ko da ya tafi ba a shimfiɗa wa jariri buhu, domin yana da kaushi kuma yana zubar da gashi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne bidon maganin feshi. Yana da kyau a ido, yana da marfi mai ƙarfi, shi ya sa ake ƙyashin yar da shi. Na taɓa shiga wani gida na tarar an yanke irin wannan bido an yi wurin ajiye cokula, jan layin da yake gindin takardarsa yana nan bai goge ba. Wannan layi alama ce: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Amma ko mai kore ne, ƙa'idar malaman gona ɗaya ce. A ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan cikin injin feshi, a huda shi don kada wani ya sake amfani da shi. Ba a yin fitila da shi, ba a dasa fure a ciki, balle a zuba ruwa ko mai. In yaro ya kama zubar da miyau da gumi da amai, numfashi yana yi masa wuya, kuma ana zaton ya taɓa irin wannan kaya, a cire masa tufafi, a wanke jikinsa da sabuni, a ruga da shi gidan likita tare da bidon. Kada a tsaya ba shi nono ko mai, kada kuma a tilasta shi amai.

Tsohon batirin mota shi ma ba kayan ado ba ne, ba kujera ba ne. Dalma ce a cikinsa, ita kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba a gani. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, sa'ad da ƙurar dutsen zinariya mai dalma, da ake daka a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400. Gwangwanin fenti ma a bar shi waje, domin wasu fentin akwai dalma a ciki.

Gwangwanin madara da na tumatir ba su da guba, amma bakinsu yana da kaifi. A buga shi da guduma ya kwanta, ko a rufe shi da igiya. Raunin da ƙarfe mai datti ya yi yana iya buɗe wa ciwon tetanos ƙofa, wannan mai sarƙe haƙora. In an dasa fure ko na'ana'a a gwangwani ko a tsohuwar tayar mota, a huda gindin, ruwa ya riƙa fita. Ruwan da ya kwanta a irin waɗannan wurare shi ne gidan sauron da yake kawo shawara da zazzaɓin dengi, wanda ya yi ɓarna ƙwarai a Burkina Faso a 2023. Kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo.

Sai wuta. Busasshen buhu yana kamawa kamar ciyawar rani. Kada a rataye labule kusa da fitilar kananzir, ko kaskon turaren wuta, ko maganin sauro na kunnawa. A Turai suna naɗe kwalba da wannan ƙyalle su sa kyandir a ciki. Wannan kam kada mu ɗauka, mu da rufin ɗakunanmu da yawa na kara ne da shuci.

Akwai wani buhu da nake so mata su sa wa ido, shi ne na ajiyar wake mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Nijar daga 2007 tare da masu bincike na INRAN a Maraɗi. Shi ba a sa masa magani, rashin iska ne yake kashe ƙwarin wake. Ran da ledar ciki ta huje, aikinsa na ajiya ya ƙare. To, muddin an tabbata ba a jefa ƙwayar maganin ajiya a ciki ba, ledar tana zama shimfiɗa ƙarƙashin katifa ko rufin kaya da damina, na wajen kuma a yanka shi siri-siri a saƙa jaka ko igiyar ragaya. Haka ma ƙananan ledojin kasuwa masu tsabta, ana kitsa su a yi tabarmar bakin ƙofa. Tun watan Nuwamba na 2014 aka yi dokar hana irin waɗannan ledoji a ƙasarmu, amma duk wanda ya je mahauta ya ga abin da ake fitarwa daga tumbin akuya. Wadda aka kitsa ta zama tabarma, dabba ba ta haɗiye ta.

Ga maigida kuma, in an kawo buhu gida a raba shi da uwargida. Rabi ya tafi ga labule, rabi a naɗe randa ko bidon ruwan sha da shi, a riƙa jiƙawa, a ajiye inda iska take kaɗawa. Ruwan da yake tashi daga jikin buhu shi yake tafiya da zafi. Lokacin da albasa take fitowa da yawa, daga watan Fabarairu zuwa Afirilu, shi ne lokacin da yagaggun buhuna suke taruwa a wuraren awo, kuma shi ne lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, hannu ya samu sarari. Gwaggo ta riga ta aika wa wani mai albasa ya ajiye mata guda huɗu, domin ƙanwar amaryar bara an sa mata rana.