Wa zai lallashi malamar aji uku?

A makarantun firamare na Birnin Kudu da Gwaram, yaron da ba ya ji da kyau, ko wanda fahimtarsa ba ta kai ta tsaransa ba, galibi aji ɗaya yake zama da kowa. Makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano ta yi wa iyaye da yawa nisa, ga kuɗin mota, ga zullumin rabuwa da yaro. Don haka malamar aji uku, wadda ba ta taɓa koyon maganar hannu ba, ita ce malamar masu buƙata ta musamman, ko ta so ko ta ƙi. Sai ta maimaita abu sau goma yaro ya zuba mata ido kawai. Ranta ya ɓaci, hannu ya kai ga bulala, da dare kuma nadama ta hana ta barci.

Akwai wata hanya da aka gwada don rage irin wannan damuwa. A 1979 wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe horon natsuwa na mako 8 a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka. Yana sa marasa lafiya su zauna su bi shiga da fitar numfashinsu, su lura da abin da ya taso a zuciya ba tare da sun biye masa ba. Asalin abin daga mabiya Buddha ne, amma ya tuɓe masa rigar addini. Daga baya aka kai shi makarantu. A 2012 Rita Benn da abokan aikinta suka bayyana gwajin mako 5 da suka yi da iyaye da malaman yara masu buƙata ta musamman: damuwa da fargaba suka ragu, tausayi ya ƙaru. A 2017 kuma Patricia Jennings ta ba da sakamakon gwajin irin wannan horo da malamai 224 a makarantu 36 na birnin Niyok, inda aka ga waɗanda suka samu horon sun fi iya danne zuciya a cikin aji.

Amma labarin Birtaniya ne ya fi tsaya mini a rai. A babban gwajin horon natsuwa mai suna MYRIAD da aka bayyana a 2022, wanda ya haɗa makarantun sakandare 84, ɗalibai ba su samu wani abu da ya wuce darasin da suka saba ba. Malamai sun ɗan samu sauƙin gajiya, bayan shekara guda sauƙin ya bi iska. Ban yi mamaki ba. Jan numfashi ba ya rage cunkoson aji, ba ya sayo wa yaro na'urar ji.

Mu kuma ai ba baƙin natsuwa ba ne. Tun muna yara aka hore mu cewa idan fushi ya taso a yi shiru, na tsaye ya zauna, a tashi a yi alwala. Abin da Turawa suka fi mu shi ne sun mai da shi darasi mai lokaci, mai malami, inda abokan aiki ke zama su amayar da abin da ke cinsu ba tare da an ce sun gaza ba.

Sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, a taron bitar malamai na gaba ku ware wa horon natsuwa awa guda, ku gayyato masana daga Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero. Kafin nan, ku bi aji-aji ku ƙirga yara masu buƙata ta musamman, domin a san malamar da ya kamata a rage wa kaya.