HIRAR BAKIN IYAKA: Wa Ke Riƙe Da Ma'aunin Ruwan Jibiya?

Zuwa ga Edita. Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in gana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da sauran masu karatu. Yau maganata a warwatse za ta fara, sai ku yi haƙuri da ni. Kun san hirar tsoho kamar burtali ce, ta kan yi kwana-kwana, amma mashaya ta nufa.

Ran Lahadin da ta wuce, watau ranar kasuwarmu ta Jibiya, ina zaune a rumfar wani mai shayi a Magama, muna kallon manyan motoci sun jeru suna jiran a duba takardunsu su ƙetara Ɗan Isa su nufi Maraɗi, sai ga wani saurayi da na koya wa lissafi tun yana ƙarami. Ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Malam, ga wani abin mamaki." Ya miƙo mini wayarsa, na ga wata yarinya tana alkafura a kan wani siririn katako wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ta juya a sama ta dira a kansa ko gezau. Ya ce, "Malam, tun da ba wanda ta kayar, ba kuwa wanda ta tsere wa, ta yaya a ke sanin ta ci?"

To, jama'a, wannan tambaya ta fi ƙarfin mai yin ta. Mu nan kokawa muka sani. Tun 1975 da aka fara kokawar takobi a Nijar, wadda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka, ba a bukatar mai ilmi ya gaya wa 'yan kallo wanda ya faɗi, gama ƙasa ita ce shaida. Amma wasan alkafura ba shi da shaida sai idon alƙali. Shi ya sa a kan zaunar da alƙalai da yawa, kowa ya rubuta makinsa ba tare da ya leƙa na ɗan'uwansa ba, sa'an nan a zubar da na wanda ya fi yabawa da na wanda ya fi kushewa, a raba sauran. Watau tun da fari sun yarda alƙali ɗan Adam ne, yana da son zuciya, yana kuma gyangyaɗi.

A wasannin Olamfik na 1976, a birnin Montreal na Kanada, wata yarinya 'yar ƙasar Romaniya mai shekara 14, Nadia Comaneci, ta sami maki 10 cif, iyakar abin da a ke bayarwa ke nan. Allon da ke nuna maki ba a ƙera shi ya ɗauki wannan lamba ba, sai ya rubuta 1.00, mutane suka yi tsuru-tsuru kafin a yi musu bayani. Wannan kuskure na dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne na 2004 a Atina. Alƙalai suka rage wa wani ɗan Koriya ta Kudu, Yang Tae-young, kashi ɗaya cikin goma na maki ɗaya, ba don ya yi laifi ba, sai don sun ƙidaya wuyar wasansa ba daidai ba. Wannan ɗan ragi shi ya raba shi da lambar zinariya, ta tafi hannun Paul Hamm na Amurka. Aka dakatar da alƙalai 3, aka kai ƙara har kotun wasanni, amma ba a mayar masa da lambar ba. Abin da na ke so ku lura da shi shi ne abin da ya biyo baya. A 2006 aka rushe tsohon tsarin maki 10 ɗungum, aka raba aikin gida biyu: waɗansu alƙalai su auna wuyar abin da aka yi, waɗansu su auna kyan yinsa. Ban ce rigima ta ƙare ba, don ko a 2024 a Paris an yi wata a kan lambar tagulla, inda kotu ta ce an makara kawo ƙorafi da daƙiƙa 4. Amma dai duk kuskuren da aka yi yana rubuce, da ranarsa, da sunan mai shi.

Ina cikin wannan bayani sai wata tsohuwar Fijo ta wuce mu a guje, an labta mata kaya har ta durƙusa, ta bule mu da ƙura. Mai shayi ya rufe tukunyarsa ya ce, "Wannan kam ba ya bukatar alƙali, shi ya zo na ɗaya." Muka yi dariya. Na ce masa ai ko tseren mota da gardamar alƙalai ya fara. Ran 22 ga Yuli 1894 aka tashi motoci daga Paris zuwa Rouen, tafiyar mil 78. Wanda ya riga kowa isa wani basarake ne, de Dion, amma alƙalai suka hana shi babbar kyauta, suka ce motarsa da tururi ta ke tafiya, sai da mai zuba mata gawayi, ba ta da sauƙin sarrafawa. Aka raba kyautar tsakanin kamfanin Peugeot da na Panhard. Ashe kakar wannan da ta bule mu da ƙura da hukuncin alƙali ta fara cin gasa, ba da gudu ba.

Daga baya agogo ya karɓi alƙalanci, gardama ta ragu, mutuwa ta ƙaru. Ran 11 ga Yuni 1955, a filin Le Mans na Faransa, motar Pierre Levegh ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka halaka. Kamfanin Mercedes ya janye daga tsere shekaru da yawa, ƙasar Suwizalan ta hana tseren zagaye a ƙasarta, ba a sake yin irinsa can ba sai bayan shekara 60 da ɗoriya, filin kuwa aka sake masa gini.

Kada ku ce na cika yabon Turawa. Tseren nan na Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro, ya tashi ran 26 ga Disamba 1978 da motoci da babura 182, ya ratsa Agadas da Yamai, 74 kaɗai suka isa. Shekara da shekaru suna keta ƙasashen maƙwabtanmu, shi kansa Sabine a Mali jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi da shi a 1986. Sun san daƙiƙar da kowane direba ya ci tsakanin zango da zango, amma yaran ƙauye da motocin suka take, irin biyun nan na 2006, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal, ba su sa an tsai da tseren ba. Sai da aka ji tsoron ran masu tseren kansu aka soke na 2008, aka kai shi Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Mai ma'auni abin da ya dame shi ya ke aunawa. In kana jiran wani ya auna maka naka, ka daɗe.

Muna nan sai iska ta juya, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, 'yan kasuwa suka shiga tattara kaya. A nan ne hirar ta daina daɗi, don a Jibiya ba a kallon hadarin dare yadda a ke kallonsa dā.

Bari in gaya wa malaman makaranta wani abu da ya kamata su koya wa yara. Hadarin nan da kullum mu ke gani yana fitowa daga gabas ba a bayan gari ya ke haɗuwa ba. Zafin Sahara daga arewa da sanyin iskar teku daga kudu su ke karo a sararin sama, su haifar da wani irin kaɗawar iska, kamar igiyar ruwa, wadda ke tasowa tun daga wajen Sudan da duwatsun Habasha. Da damina duk bayan kwana 3 zuwa 5 sai wata ta taso, ta bi ta kanmu, ta yi yamma. Hanyar masu tseren nan ta ke bi, har ta fita teku ta wajen Dakar. Yawancinsu a can su ke mutuwa. Amma wadda ta tarar da ruwan teku da ɗumi sai ta shiga juyawa, ta yi ta ƙarfi, in gudun iskarta ya kai mil 74 a awa sai a kira ta babbar guguwa, a ba ta daraja daga 1 zuwa 5. Mafi yawan manyan guguwar da ke rushe garuruwa a tsibiran Karibiyan da Amurka daga nan Afirka asalinsu ya ke. Wadda aka sa wa suna Irma ta bar gaɓar Afirka a ƙarshen Agusta 2017, ran 10 ga Satumba ta faɗa Florida, kafin nan kuwa an kwashe mutane miliyoyi daga hanyarta. Ku duba fa: hadarin da ya wuce ta kanmu ba mu rubuta kome ba, can sai a ba shi suna, a bi shi da jirgi, a san ranar isowarsa.

Mu kuwa fa? Daren Lahadi 15 ga Yuli 2018 aka yi ruwa a Jibiya kamar da bakin ƙwarya, mutane na barci. Kafin gari ya waye ruwa ya ci unguwanni, su Kwata da Ɗan Tudu da Tukare, gidaje ɗaruruwa suka rushe, dabbobi suka tafi, mutum fiye da 40 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu mata da ƙananan yara. Waɗansu sai a ƙasar Nijar aka tsinto gawarsu, gama ruwanmu can ya ke gangarawa, ya bi gulbin Maraɗi, ba ya tsayawa a Magama a buga masa hatimi. Allah Ya jiƙansu, Ya ba mu haƙurin rashinsu. A cikinsu akwai waɗanda na koya wa karatu.

Ban musa ƙaddara ba, Allah Ya kiyashe ni. Amma na tambayi masu karatu da yawa a garin nan, inci nawa aka yi a daren nan, ban sami wanda ya rubuta a littafinsa ba. Na tambaya ina alamar iyakar inda ruwan ya kai, sai a nuna mini da hannu, wannan ya ce nan, wancan ya ce can. Yaron da aka haifa a shekarar ya isa shiga makaranta, nan gaba kaɗan shi zai sayi fili, wa zai gaya masa nan hanyar ruwa ce? Lokacin da mu ke yara akwai ma'aunin ruwa a filin makarantarmu, kowace safiya a kan aiki ɗan aji ya duba ya rubuta, in ya manta ya sha bulala. Da na koma makarantar nan ina malami na nemi littafin, aka ce gara ta cinye, ma'aunin kuwa an mai da shi mazubin alli.

Wani zai ce ai wannan aikin Gwamnati ne. Gaskiya ne akwai hukumar NiMet da ke fitar da hasashen damina kowace shekara, a Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974. Amma hasashen da ya tsaya a takarda da Turanci ko Faransanci bai tashi mai barci a Tukare ba. Wani kuma zai ce mu talakawa ne. To, ga Bangaladash, ƙasar Musulmi ce, ba ta fi mu arziki ba sa'ad da ta fara. A Nuwamba 1970, tana Pakistan ta Gabas, guguwa ta kashe mata mutum aƙalla 300,000 a dare ɗaya. Suka gina mafaka masu tsawo, suka horar da 'yan sa kai a ƙauyuka, masu yawo da keke da lasifika suna shela. Da wata babbar guguwa ta zo a 2007, lissafin hukuma ya nuna mutum 3,000 da ɗoriya. Yawa ne, amma ku gwada da na farko. Rabin aikin nan keke ne da maƙogwaro.

Ga abin da na ke roƙon 'yan'uwana masu alƙalami, ba ya cin ko sisi. Kowane malamin makaranta ya sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ya kafa shi bisa turke a fili, nesa da itace da indararo. Kowace safiya da ƙarfe 7 a tsoma rula a rubuta, ko ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, don ranar da ba a rubuta ba ita ke ɓata lissafi. Dattawan kowace unguwa su taru tun masu shaida suna da rai, su yarda a kan inda ruwan 2018 ya kai, a ja layi da fenti a bangon masallaci ko makaranta, a sa shekara. In sun saɓa, a yi musu irin ta alƙalan alkafura, a zubar da na sama da na ƙasa, a ɗauki na tsakiya. Sa'an nan masu unguwanni su karɓi lambar wayar 'yan'uwansu na ƙauyukan da ruwa ke fitowa, a kuma ba na Madarumfa tamu, a yarda tun da rana wanda zai hau lasifikar masallaci in ƙorama ta kawo da tsakar dare, da tudun da za a nufa.

Saurayin nan da ya kawo mini wayarsa na ɗora masa aikin farko, tun da shi ya tsokano maganar. Ya samo gwangwanin madara babba, mun kafa a bayan gidana, mun ja layuka a wani tsohon littafin rajista. Malaman ƙasar Batsari da Kaita da Ɗan Isa, in akwai mai irin wannan littafi a cikinku, ko tsohon da ya gada, ina roƙo ya rubuto ta hannun Edita, mu gwada namu da nasa a ƙarshen damina.

Naku,
Tsohon Malami, Magamar Jibiya.