A Gwada Kayan Taimakon Tsofaffi Kafin a Raba

Ranka ya daɗe Edita,

Mai wannan wasiƙa yana roƙon jaridarku ta leƙa gidajen da aka raba wa tsofaffi kekunan guragu da na'urorin ji, ta ga ko suna aiki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar irin waɗannan kaya.

Matsalar ita ce ba a gwada su a inda za a yi amfani da su. Keke mai siririyar taya yana nutsewa cikin yashin tsakar gida, kuma ba ya haye dokin ƙofa, sai a jingine shi a zaure, kaji su riƙa kwana a kai. Na'urar ji kuwa, batirinta na ƙarewa a jefa ta cikin kwalla.

Alhali sau da yawa abin da dattijo ke nema shi ne kujerar zama a bayan gida da ƙarfen dafawa a bango.

Don Allah ku tura wakili tare da ma'aikacin lafiya su tambayi tsofaffin da kansu.

Wassalam.
Mai karatunku, daga Kano