Ɗalibin Zanen Gine-gine da Matsalar Sayen Kwamfuta

Tun daga shekarar 1982 da kamfanin Autodesk ya fito da manhajar AutoCAD, sana'ar zanen gine-gine da ta injiniya suka soma ƙaura daga kan tebur da fensir zuwa kan allon kwamfuta, har ta kai yau ɗalibin da ba shi da kwamfutar tafi-da-gidanka ya zama tamkar manomin da ya je gona ba fartanya. To, amma kuwa tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin wannan fartanya ya fi ƙarfin yawancin iyaye, ga shi kuma sau ɗaya ake saye a yi karatun shekara huɗu ko biyar da ita. Kuskure a nan ba ƙaramar hasara ba ce.

Abin da ya fi yaudarar ɗalibai shi ne tambarin nan na "Core i7" da ake liƙawa a jikin na'ura. Wannan suna tun 2008 yake, saboda haka bai faɗi shekarun inji ba, balle ƙarfinsa. Alal misali, i7-7500U ƙwaya biyu ce kawai take aiki a cikinsa, alhali i5-8250U, wanda sunansa ya fi ƙanƙanta, huɗu gare shi. Lambar da ke biye da sunan ita ce abin dubawa, domin ita take nuna zubin da injin ya fito. Daɗin daɗawa, Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025, Windows 11 kuwa bisa ƙa'ida ba ya karɓar yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na takwas. Wanda ya sayi abin da ke ƙasa da haka don araha, ya sayi abin da zamaninsa ya riga ya shuɗe.

Sai kuma ma'ajiyar aiki, wato RAM, wadda ita ce faɗin teburin da ake shimfiɗa zane a kai. Gigabait 8 na iya ɗaukar zanen shimfiɗe na shekarar farko, amma da zarar an shiga Revit, an tayar da bene mai hawa uku da ƙofofinsa da tagoginsa da bututunsa, sai na'ura ta riƙa numfashi sama-sama. Gigabait 16 shi ne daidai. In kuɗi bai kai ba, babu laifi a sayi mai 8, da sharaɗin a buɗe bayanta a tabbata akwai gurbin ƙari, domin da yawa daga cikin siraran kwamfutocin nan masu ɗaukar ido an like tasu da dalma, ba a ƙarawa ba a ragewa. Ma'adana kuwa lalle ta zama SSD.

A nan ne ya kamata a faɗi abin da wasu ba za su so ji ba: ga mai ƙaramin ƙarfi, tsohuwar kwamfuta 'yar kwatano wadda aka ƙera musamman don wannan aiki, irin su Dell Precision da HP ZBook da jerin P na ThinkPad, ta fi sabuwa dal mai kuɗi ɗaya da ita. Nauyi gare su, ba su da kyan gani, mai ɗauke da su daga ɗakin kwana zuwa ɗakin zane sai kafaɗarsa ta gaya masa. Amma suna da katin hoto nasu na kansu, da fanka mai iya jure zafin bazara, kuma akan kwance su da sukundireba a share ƙurar hunturu. Masu cewa kayan hannu ba su da tabbas suna da hujja, musamman wajen batir, wanda shi ne ke fara mutuwa, ga wutar lantarki yadda take. Maganin wannan shi ne a gwada kafin a biya: a cire caja a ga awa nawa za ta yi, a buɗe babban zane a jujjuya shi na rabin awa a ji ko za ta yi zafi ta mutu, sannan a ware kuɗin sabon batir tun farko.

MacBook dai, duk da kwarjininta, Revit da SolidWorks don Windows aka yi su.

Akwai kuma hakkin da ya rataya a wuyan sassan da ke koyar da waɗannan fannoni. Bai dace a bar ɗan shekarar farko ya shiga kasuwa da kuɗin da mahaifinsa ya sayar da hatsi ko sa ya haɗa, ba tare da wata takarda daga sashe mai bayyana mafi ƙarancin abin da zai wadatar ba. Haka kuma ya kamata a sanar da shi cewa Autodesk na bai wa ɗalibai lasisin shekara guda kyauta, ana sabuntawa muddin ana karatu, kuma FreeCAD, wadda zubinta na 1.0 ya fito a 2024, ba a biyan ko kwabo. Kuɗin da zai ba mai ɗora masa manhajar sata, da ƙwayoyin cutar da ke biyo ta, gara ya ƙara shi a kan RAM.