Ruwa ya dawo hannun ƙasa, to su wa za su riƙe shi?

Ranar 1 ga watan Janairun 2024 kamfanin NDE ya karɓi aikin rarraba ruwan fanfo a biranen Nijar daga hannun SEEN, wanda Veolia ta Faransa ke jagoranta tun 2001. An yi guɗa, an ce ruwa ya dawo gida. Madalla. Sai dai sauya suna a bisa takardar biyan kuɗi bai taɓa tada injin da ya mutu ba. Tambayar da guɗa ta danne ita ce: ƴaƴan wa ake horarwa domin su riƙe foraj, shato da ɗakin gwaji nan da shekara ashirin, kuma daga ina ake ɗauko su?

Ba makarantu aka rasa ba. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, tana horar da masana ruwa da yanayi ga ƙasashen Sahel. Ga EMIG, ga Jami'ar Abdu Mumuni mai koyar da ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ga 2iE a Wagadugu. Amma duk ƙofofin nan mabuɗinsu ɗaya ne, wato bakaloriyar kimiyya, kuma mabuɗin yana aljihun ɗan birni. Yaron ƙauye da ya shekara a kwaleji ba tare da ganin malamin lissafi ba, an riga an kayar da shi tun ba a buɗe gasa ba. Yarinya kuwa ba a magana: kusan uku cikin huɗu na ƴan matan ƙasar nan ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Ita ce ke tashi da asuba ta ja guga, ita ce ta san ranar da rijiya ta fara wari, amma ita ce ta ƙarshe da ake tunawa in an zo rabon bursu.

Wanda yake ganin wannan maganar ado ce, to ya tuna da Tibirin Gobir. An haƙa wa garin foraj a shekarun 1980, jama'a suka yi murna, ashe ruwan cike yake da sinadarin fuloro. Yara suka sha, haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, ɗaruruwa suka nakasa. Sai da aka shafe shekaru kafin maganar ta fito fili, wajen 2000. Gwajin fuloro ba tsafi ba ne, aiki ne da ƙaramin ma'aikaci mai horo zai yi da kwalba ɗaya, kuma Tibiri tana dab da Maraɗi. Abin da garin ya rasa shi ne mutum mai sani wanda yaran nan ƙannensa ne, wanda ba zai iya saka rahoto a durowa ya tafi gida ya yi barci ba.

Damagaram ma shaida ce. Birnin yana zaune bisa dutse, shi ya sa ake jawo masa ruwa daga nesa, daga Gogo-Machaya da Arunguza, kuma in bazara ta yi ƴan garuwa su ne sarakai. A arewacin Tawa, cikin Azawak, sai an nutsa mita ɗaruruwa kafin a taɓa ruwa, kuma can haƙa shi ne mai sauƙi. Abu mai wuya shi ne sanin wa ke da haƙƙin shayar da dabba, a wane lokaci, bayan wa. Injiniyan da bai jin Tamashek ko Fulatanci, bai san zuri'ar da ta gaji wurin ba, yana iya kafa foraj mai kyau ya bar rigima a bayansa. Ɗaukar ɗan makiyayi, ɗan Manga ko ɗan Tubawa a wannan fanni ba alfarma ba ce aka yi musu. Aikin ne yake buƙatar su.

Za a ce ai an buɗe jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, an ƙara huɗu a 2014. Gaskiya ne. Amma ɗalibin ruwa ba a allo yake koyo ba, sai ya tsaya bakin rami ya ga yadda ake gwada ƙarfin foraj, ya taɓa injin da hannunsa. In ya gama kuma, me ke jiransa? Hidimar ƙasa, sai zaman jiran gasar ɗaukar ma'aikata, cutar da ta kama gwamnati tun zamanin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya. Masu sa'a su faɗa ƙungiyoyin agaji, in kuɗin shiri ya ƙare su koma neman wani. Madatsar Kandaji da aka aza wa harsashi a 2008 ta ga kamfanin Rasha, ta ga na Sin. Ko yaushe aka kammala ta, ƴan ƙasa ne za su kwana da ita, kuma ba a horar da mai kula da madatsa cikin wata shida.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin ma'aikatar ruwa ba. A ware wa kowace jiha guraben bursu a fannin ruwa, rabi na mata, a fara zaɓen yaran tun daga kwaleji, ba bayan bakaloriya ba, lokacin da tankaɗe ya riga ya zubar da su. A sa NDE da SPEN su karɓe su koyon aiki kowace shekara. Wanda ƙasa ta karantar ya sa hannu zai yi wasu shekaru a jiharsa, ita kuma gwamnati ta sa hannu za ta ɗauke shi.

Su ma alhazan kasuwa da sauransu. Da yawansu sun haƙa foraj sadaka, an rubuta suna a jikin shato, Allah ya ba da lada. Amma in fanfon ya tsaya, ƙauye yakan koma tsohuwar rijiya har sai an samo mai gyara daga birni. Kuɗin foraj ɗaya mai zurfi zai iya kai ɗiyar wannan ƙauye har ƙarshen karatu, ta dawo tana duba foraj ɗin gundumar duka.