Ra'ayinmu: Darasin Alfindiki

A kasuwannin Gwarzo da Kabo mukan ji an ce da Kirista "mai addinin Turawa", shi kuma ya rama da "mai addinin Larabawa". Masu wannan magana suna zaton Larabawa da Turawa ba su taɓa haɗuwa ba sai a fagen yaƙi. Tarihin Kano bai yarda da haka ba.

Bahar Rum kaɗai ta raba mutanen nan biyu, kuma sun daɗe suna haye ta. A da ma fataken Larabawa na Tarabulus da Gadamas Kanawa ke kira Turawa, shi ya sa unguwarsu ta zama Dandalin Turawa. Heinrich Barth ma ya ratso hamada, ya iso Kano a 1851, yana amsa sunan Abdulkarim. A Kasuwar Kurmi ya tarar da yadin Manchester da allurai da takubban Jamus, duk raƙuman Larabawa suka kawo. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Kwarori 'yan Lebanon, Kirista da Musulmi, suka shiga cinikin gyaɗa, irin wadda kakanninmu suka noma ana kai ta Turai.

Mu duba sunan unguwar Alfindiki. Daga kalmar Larabci "funduƙ" ya fito, wato masaukin fatake. Larabawa kuwa daga Helenanci suka aro ta, kuma ita ce kalmar da ke cikin Luka sura 10, masaukin da Basamariye ya kai mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni. Har yau Kiristocin Masar da Lebanon da Larabci suke sujada, na tsibirin Malta a Turai kuma "Alla" suke kiran Mahalicci.

To, 'yan'uwa, in waɗanda ake jingina mu da su sun yi ciniki, sun ari kalmomin juna, me zai sa mu da muke shan rijiya ɗaya mu ƙi gaisawa? Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Muna kira ga fastoci da dattawan ikilisiya su koya wa matasa wannan tarihi, su kuma hana su rama gori da gori. Gidan Kirista ya zama masauki ga maƙwabci, ko daga wace ƙofa ya shigo. Ubangiji ya taimake mu.